Yaya ake ƙiyasta diyyar wanda aka ji wa rauni?

Bilkisu:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ilimin shari'a da inshora da ke cikinmu. Akwai maganar da ke yawo a bakin mutane cewa idan aka ji wa mutum rauni a haɗarin mota ko a wurin aiki, ana tara kuɗin asibitinsa ne a ninka sau uku, shi ke nan diyyarsa ta fito. Wasu ma sun ce har sau biyar idan raunin ya yi muni. Da gaske haka ake yi? Idan ba haka ba ne, me ake dubawa har a ce wannan karayar ta kai kaza, waccan kuma kaza?

Barista Sadiya:
Wa'alaikumus salam, Malama Bilkisu. Ninkin nan ba doka ba ne, kuma alƙali ba ya gina hukuncinsa a kansa. Tushen maganar shi ne a mayar da wanda aka cutar inda zai kasance da ba a ji masa raunin ba, iya abin da kuɗi zai iya yi. Don haka abin da ake aunawa shi ne me raunin ya ƙwace wa wannan mutumin, shi kansa, da kuma nawa daga ciki za a iya tabbatarwa da hujja.

Ana raba shi gida biyu. Na farko asarar da ake iya ƙirgawa: kuɗin asibiti, magani, tiyata, gashin ƙashi, kuɗin zirga-zirgar ganin likita, albashin da ya wuce shi yana kwance, kayan da suka lalace a jikinsa kamar tabarau ko waya, da ladan wanda ya yi jinyarsa. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. A Ingila ko matarsa ce ko 'yarsa ta yi jinyar ba a biya ta ko sisi ba, ana ƙirga awannin da ta yi, a ɗora su a kan abin da ake biyan mai jinya na haya, sannan a rage wani kaso, yawanci kamar kashi 25 cikin 100, tunda ba ta biyan haraji a kai.

Gida na biyu ba shi da rasit: zafin ciwo, rashin barci, firgita, tabo a fuska, da abubuwan da mutum yake jin daɗin yi a da yanzu sun gagare shi.

Kowane gida kuma yana da na baya, yana da na gaba. A ƙaramin rauni na baya ne kusan komai. A babban rauni kuwa, kamar na laka ko na ƙwaƙwalwa, asarar gaba ita ce ke ɗauke mafi yawan kuɗin, ta shafe kuɗin asibitin farko ta mayar da shi ɗan ƙaramin layi a takarda.

Malam Nasiru:
Barista ta faɗi daidai. In ƙara da inda ninkin ya samo asali. Dabara ce ta ciniki tsakanin lauyoyi da ma'aikatan inshora, musamman a Amurka, don a samu wurin fara magana a kan gida na biyu: a ɗauki kuɗin jinya a ninka da wani adadi tsakanin 1.5 zuwa 5. Akwai kuma wata dabarar ta sa wa kowace ranar wahala farashi a ninka da yawan kwanakin jinya. Wasu jihohin Amurka sun yarda lauya ya kawo ta a gaban kotu, wasu sun hana.

Ga inda ninkin yake karyewa. A ɗauki mutum biyu. Na farko wuyansa ya ƙage, an yi masa hotuna iri-iri, ya yi wata huɗu yana zuwa gashin ƙashi, kuɗin asibiti ya taru, amma ya warke sarai. Na biyu gilashi ya shiga idonsa, an yi tiyata sau ɗaya an cire idon, kwana biyar ya koma gida. Kuɗin asibitin na farko zai iya fin na biyu. Idan aka bi ninki, wanda ya warke ya fi wanda ya rasa ido har abada. Babu mai adalcin da zai yarda da wannan.

Manyan kamfanoni da yawa yanzu manhaja suke amfani da ita, wadda aka fi sani ita ce Colossus. Ma'aikaci yana shigar da abin da ya gani a takardun asibiti: sunan raunin, irin maganin, tsawon jinya, ko likita ya rubuta naƙasa ta dindindin. Manhajar ta fitar da tazara, ƙasa da sama. Abin lura a nan: duk abin da ba ya cikin takarda, a wurin manhajar bai faru ba. Mutum yana iya kwana shida cikin bakwai ba barci, amma in bai faɗa wa likita an rubuta ba, ba zai samu ko ɗigo a kansa ba.

Bilkisu:
To Malam Nasiru, kenan takardar likita ita ce komai? Me ya kamata ta ƙunsa?

Dakta Umar:
Bari in amsa wannan. Takardu iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su. Akwai bayanan jinya, wato abin da aka rubuta tun daga ranar da aka kawo shi sashen gaggawa. Akwai kuma rahoton ƙwararre da ake rubutawa musamman domin shari'a. Rahoton dole ya amsa abu huɗu: mene ne raunin, shin haɗarin ne ya jawo shi, ina aka kai yanzu, kuma me ake tsammani nan gaba.

Na huɗun nan shi ne wurin da kuɗi yake, shi ne kuma wurin da gaggawa take ɓata komai. Akwai matakin da jiki ke kaiwa ya tsaya, ba a sa ran wani babban sauƙi bayansa. Kafin a kai wannan matakin, hasashe kawai likita yake yi. Tabo yana ɗaukar wata 12 zuwa 18 kafin ya zauna a kamanninsa na ƙarshe. Jijiyar da ta yanke aka ɗinke tana tsirowa ne kamar milimita ɗaya a rana, don haka idan a dantse aka yanke ta, watanni ne masu yawa kafin a san ko yatsu za su dawo da ji. Karayar da ta ratsa cikin gaɓa, kamar gwiwa ko idon sawu, tana iya haɗewa tsaf a hoto, amma bayan shekaru gaɓar ta fara cinyewa har a kai ga canza ta. Gaɓar roba kuma tana da iyakar shekarunta. Wanda aka sa wa ita yana ɗan shekara 35 akwai yiwuwar sai an sake masa. Wanda aka yanke wa ƙafa kuwa, ƙafar roba ana canza ta ne duk bayan 'yan shekaru har ƙarshen rayuwarsa, ban da gyare-gyaren kwandon da dungulmin ke shiga. Idan rahoto bai faɗi wannan ba, babu wanda zai sa shi a lissafi.

Sannan rahoto mai amfani yana magana da awo. "Gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa sosai" ba ta da nauyi. A ɗora ma'aunin kusurwa a rubuta: lafiyayyar gwiwa tana kaiwa kamar digiri 135, tasa ta tsaya a 80. Tafiya a fili na buƙatar wajen 60, amma tashi daga kujera sai an haura 90. Da wannan layin guda ɗaya kowa ya gane mutumin zai iya takawa, amma zama da tashi da tsugunno sun zame masa aiki. Haka a raunin kai: makin farkawa da aka rubuta ranar farko, wanda yake tafiya daga 3 zuwa 15, da tsawon lokacin da ya yi ba ya riƙe abin da ke faruwa, suna da nauyi ƙwarai.

Barista Yakubu:
Likita, ina so ka taɓo maganar kason naƙasa, domin mutane suna ganin "kashi 20" a rahoto sai su ɗauka kashi 20 na wani adadi tsayayye za a ba su.

Dakta Umar:
Na gode, Barista. A littafin jagora na Ƙungiyar Likitocin Amurka, wanda wurare da dama ke aiki da shi, babban yatsa shi ne kashi 40 na tafin hannu, tafin hannu kashi 90 na dukan hannun, dukan hannun kuma kashi 60 na mutum. Idan aka bi lissafin, rasa babban yatsa kashi 22 ne na mutum, manuni 11, ƙaramin yatsa 5. Amma wannan awon jiki ne kawai, bai san sana'ar kowa ba. Ƙaramin yatsan malamin makaranta da na makaɗin jita duk kashi 5 ne a takarda. Malamin zai koma aji, makaɗin kuwa mai yiwuwa sana'arsa ta tsaya. Aikin likita ya ƙare a kan kashi 5 ɗin. Abin da ya jawo wa aljihu aikin wasu ne.

Malam Idris:
Nan ne lissafi yake shigowa, kuma zan ɗan tsawaita saboda a nan aka fi yin asara ba a sani ba.

Asarar samu ta gaba tana da ƙafa biyu: abin da yake rasawa a shekara, da adadin da za a ninka shi da shi. A ce mutum ɗan shekara 35 ne, yana samun 1,200,000 a shekara bayan an cire haraji, ko wane irin kuɗi ne. Bayan raunin, aikin da zai iya yi 500,000 yake kawowa. Asararsa ta shekara 700,000 ce, domin abin da zai iya nema ana cire shi ko da bai fara neman ba tukuna. Saura shekara 30 ya yi ritaya a 65.

Mai saurin lissafi zai ce 700,000 sau 30, miliyan 21. Ba haka ake yi ba, saboda za a ba shi kuɗin ne yau a dunƙule, alhali da a hankali zai riƙa samunsu. Ana ɗauka zai ajiye su su riƙa kawo riba. Don haka ana ragewa gwargwadon ribar da ake tsammani bayan an cire hauhawar farashi. Ku dubi yadda wannan ɗan kason yake juya komai. Idan aka ce ribar kashi 2.5 ce a shekara, adadin ninkin yana zama kamar 20.9, diyya miliyan 14.6. Idan kashi 0.5 ce, ya zama 27.8, kusan miliyan 19.5. Mutum ɗaya, rauni ɗaya, bambanci ya kusa miliyan 5.

Kuma waɗannan kason ba daga kaina na ɗauko su ba. A Ingila gwamnati ce ke tsayar da shi. Kashi 2.5 ne tun 2001, aka mayar da shi ƙasa da sifili, wato -0.75, a 2017, sai -0.25 a 2019, sannan 0.5 daga Janairun 2025. Lokacin da yake ƙasa da sifili, ninkin yakan haura yawan shekarun da kansu: a -0.75, shekara 30 tana ba da kusan 33.8, saboda an ɗauka hauhawar farashi za ta riƙa cin kuɗin fiye da ribar da suke kawowa. Jadawalin da suke dubawa ana kiransa Ogden.

Bayan nan ana sake ragewa saboda rayuwa ba ta da tabbas: ko ba haɗarin, zai iya rasuwa kafin 65, ko ya yi rashin lafiya, ko ya rasa aiki na wani lokaci. Sannan a ƙara abin da lauyoyi marasa natsuwa ke bari a baya: ƙarin girman da yake kan hanyar samu, da fanshon da ya ragu saboda albashi ya ragu.

Hajiya Maryam:
Malam Idris, duk wannan ya dace da mai albashi, wanda ke da takardar biya ta kowane wata. Mai sana'ar kansa fa? Da uwar gida da ba ta aikin albashi? Da yaro ɗan shekara tara?

Malam Idris:
Mai sana'ar kansa ana neman takardun harajinsa, yawanci na shekara uku kafin haɗarin, da bayanan banki, da littafin ciniki, a fitar da matsakaicin ribarsa. Riba ake ƙirgawa, ba jimlar ciniki ba. Idan ya ɗauki wani ya riƙe masa wurin, ladan wancan ma asara ce. Babbar matsala ita ce wanda ya riƙa nuna wa hukumar haraji ƙaramin samu, yanzu kuma yana so kotu ta yarda da babba. Takardunsa ne za su ba da shaida a kansa.

Uwar gida ana auna aikin da take yi da abin da za a biya wani ya yi shi: awanni nawa a mako, a kan nawa awa. Yaro kuwa ana duba sakamakon makarantarsa, da karatu da sana'ar iyaye da yayyensa, da matsakaicin albashin ƙasar. Hasashe ne, shi ya sa ake jan igiya sosai a kansa.

Barista Yakubu:
Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu cikakken ƙima ne, wato idan laifin gaba ɗaya na ɗaya ɓangaren ne kuma an tabbatar. Ni a ganina nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Kafin a yi maganar nawa, sai an gama maganar wa ya yi sakaci.

Idan wanda aka ji wa raunin yana da hannu, ana yanke masa kasonsa. A Ingila dokar 1945 ce ta kawo rabon laifi. Hukuncin alƙali Lord Denning na 1975 a kan bel ɗin mota har yau shi ake bi: idan ɗaura bel zai hana raunin gaba ɗaya, a cire kashi 25, idan zai rage muninsa ne sosai, a cire 15, idan ba zai canza komai ba, ba a cire ko kaɗan. A Amurka kuwa jiha-jiha ce. Kalifoniya tana ba ka kasonka ko da laifinka ya fi yawa. Jihohi da dama suna hana ka komai da zarar laifinka ya kai 50 ko 51. Alabama, Maryland, Virginia da North Carolina har yanzu suna kan tsohuwar ƙa'ida: ɗan sakaci kaɗan daga gare ka yana iya rushe ƙarar baki ɗaya.

Lissafin da kamfani ke yi a ɗakinsa ke nan: cikakken ƙima miliyan 10, laifinsa kashi 20, saura miliyan 8. Damar cin shari'a kashi 70, saura miliyan 5.6. Wajen nan tayin sulhu zai zagaya. Wanda aka yi wa tayin miliyan 5.5 yana ganin an cinye masa rabi, alhali kuwa tayin bai yi nisa da gaskiyar ƙararsa ba.

Barista Sadiya:
Na yarda da lissafin, ɗan'uwana, amma ban yarda a bar shi haka ba. Wa ya ce kashi 70? Wa ya ce kashi 20? Kamfanin da zai biya ne ya zaɓi lambobin. Kuma lambobin nan hujja ce ke motsa su. Hoton wurin da aka ɗauka kafin a janye motoci, bidiyon kyamarar gefen titi wanda sau da yawa ake gogewa cikin 'yan kwanaki ko makonni in ba a nema ba, lambar wayar shaidu biyu, littafin gyaran injin da ya cinye hannun ma'aikaci. Shaida guda mai kyau tana iya ɗaga 70 zuwa 90, kuma a misalinka wannan miliyan 1.6 ce. Don haka kada wani ya karanta ya ɗauka tayin farko shi ne gaskiya. Tayin farko kusan kullum ƙasan tazara ne.

Malam Nasiru:
Gaskiya ne, ƙasan tazara ne, ba zan musa ba. Amma bari in lissafo abin da ke ba ma'aikacin inshora dalilin tsayawa a ƙasan, don a kiyaye.

Jinkirin zuwa asibiti shi ne na gaba. Wanda ya yi kwana goma kafin ya ga likita, za a ce wani abu ne daban ya same shi a tsakani. Sai giɓi a jinya: an rubuta masa gashin ƙashi sau 12, ya je 4 ya daina, bayan wata biyar ya dawo yana kukan baya. Doka tana ɗora wa mai rauni nauyin rage asararsa. In ya ƙi maganin da ya dace ba tare da dalili ba, ƙarin wahalar da ta biyo baya ba za a biya ba. Idan rashin kuɗi ne ya hana shi zuwa, ya faɗa a rubuta. Sai saɓani a labari: a sashen gaggawa ya ce kafaɗar hagu, a rahoto ta koma dama. Sai hotunan Facebook: ya ce ba ya iya ɗaga hannu, ga shi an ɗauke shi yana ɗauke da yaro a wuya. Hoton daƙiƙa ɗaya ne, mai yiwuwa ya kwana yana jin jiki bayansa, amma ɓarnar ta riga ta auku. Ƙarin gishiri kuma ya fi duk waɗannan illa, domin da zarar an kama mutum da ƙarya guda, gaskiyarsa tara ma ba za a ƙara saurare ba.

Bilkisu:
Wanda dama yana da ciwon baya kafin haɗarin fa? Ya ɓoye ko ya faɗa?

Dakta Umar:
Ya faɗa. Za a nemi tsofaffin bayanansa, za a gani. Kuma hoton MRI na mutane da yawa da suka haura 40 yana nuna zaizayewar ƙashin baya alhali ba sa jin komai, don haka ganin zaizayewa a hoto ba ya nufin ciwon tsoho ne. Tambayar da likita ke amsawa ita ce: da ba haɗarin, yaushe wannan ciwon zai taso da kansa? Idan amsar shekara biyar ce, to haɗarin ya gaggauto da shi da shekara biyar, kuma ta shekara biyar za a biya.

Barista Sadiya:
Kuma akwai ƙa'idar da ke kare shi: wanda ya yi ɓarna yana ɗaukar mutum yadda ya same shi. A farkon shekarun 1960 kotun Ingila ta duba ƙarar wani ma'aikaci da narkakken ƙarfe ya ƙona a leɓe. Wurin dama yana da alamar da ke iya zama daji, ƙunar ta tayar da shi, ya rasu. Kotu ta ɗora wa kamfanin alhakin mutuwar duk da cewa wani mutumin da ɗan tabo kawai zai tsira, sai dai ta rage adadin saboda cutar tana iya tasowa da kanta wata rana.

Hajiya Maryam:
Har yanzu ba a faɗa mana yadda ake sa wa zafin ciwo adadi ba, tunda an ture ninki.

Barista Yakubu:
Da kwatance, Hajiya. A nemo hukunce-hukuncen baya masu rauni irin wannan, shekaru kusa, tsawon jinya kusa, a daidaita su da hauhawar farashi. Ingila tana da littafin jagora ga alƙalai tun 1992, ana sabunta shi, yana ba kowane irin rauni tazara daga ƙarami zuwa mai tsanani. Ga ƙagewar wuya a haɗarin mota ma sun tsayar da farashi a 2021: a lokacin fam 240 ne idan bai wuce wata uku ba, har zuwa fam 4,215 idan ya kai wata 18 zuwa 24. Sifen tana da jadawalin maki a doka domin haɗarin hanya. Kotun Ƙolin Kanada a 1978 ta sa rufi, wato iyakar da ba a wucewa, na dalar Kanada 100,000 a kan gida na biyu, na zafin ciwo, yana hawa da hauhawar farashi. Kalifoniya ta sa rufin dala 250,000 a kan wannan gidan a ƙararrakin sakacin asibiti a 1975, bai motsa ba sai 2023 da ya koma 350,000. Inda kuma talakawan gari da ke zama tare da alƙali ne ke yanke adadin, kamar a yawancin Amurka, tazarar tana da faɗi, rauni iri ɗaya ya ba da adadi daban a garuruwa biyu.

Manyan kuɗin da ake ji a labarai yawanci diyyar horo ce, wadda ake ɗorawa don ladabtar da mai ganganci, kuma ba kasafai ake samunta ba. Ƙarar nan ta McDonald's, kamfanin sayar da abinci na Amurka, ta 1994, ta dattijuwar da kofi ya ƙona har aka yi mata dashen fata: an ji dala miliyan 2.7, amma alƙali ya mayar da ita 480,000. Diyyar raunin kanta 200,000 ce, aka rage zuwa 160,000 saboda an ɗora mata kashi 20 na laifi.

Malam Nasiru:
Akwai kuma rufin da ba a kotu yake ba: iyakar inshorar wanda ya yi laifin. Ƙara tana iya kaiwa miliyan 20 a takarda, inshorarsa ta tsaya a miliyan 3, shi kuma ba shi da kadarar da za a kama. Shi ya sa lauya mai hankali tun makon farko yake binciken wa kuma za a iya haɗawa: kamfanin da direban ke wa aiki, mai motar, wanda ya ƙera tayar da ta fashe, ko inshorar shi mai raunin idan tana rufe haɗari da marar inshora.

Malam Idris:
Sannan a bambanta abin da aka sanar da abin da ya shiga hannu. A Amurka lauya yakan ɗauki kashi ɗaya cikin uku, ya kai 40 cikin 100 idan an shiga kotu. A ce an yi sulhu a kan 6,000,000. Lauya 2,000,000. Kuɗin ƙwararru da takardu 400,000. Inshorar lafiya da ta biya asibiti tana neman nata 900,000. Saura 2,700,000. Ku duba yarjejeniyar lauya da kyau: idan an ce a fara cire 400,000 kafin a fitar da kasonsa, kason ya koma 1,866,667, wato 133,333 sun dawo wa mai rauni saboda jimla ɗaya. Kuɗin da inshorar lafiya ke nema ma sau da yawa ana iya zama da ita a rage.

Bilkisu:
Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: idan an karɓi kuɗi, bayan shekara biyu ciwon ya tsananta, ana iya komawa?

Barista Sadiya:
A mafi yawan lokuta a'a. Takardar da ake sa wa hannu ranar sulhu tana cewa an yafe duk wata ƙara da ta taso daga wannan haɗarin, wadda aka sani da wadda ba a sani ba. Shi ya sa maganar Likita take da nauyi: sauri ya haifi nawa. Kada a sa hannu kafin rahoto ya faɗi inda jiki ya tsaya. Idan buƙata ta matsa, a nemi a biya wani kaso tukuna, wanda za a cire daga na ƙarshe. Inda aka amince da laifi, wurare da yawa suna ba da wannan damar.

Amma jiran ma yana da iyaka. Ingila shekara uku ce daga ranar haɗari ko ranar da aka gane raunin. Jihohin Amurka daga shekara 1 zuwa 6, da yawansu 2, kuma ƙarar hukumar gwamnati tana iya buƙatar sanarwa cikin 'yan watanni. Tattaunawa da kamfanin inshora ba ta tsayar da agogon. Shigar da ƙara ce ke tsayar da shi. Don haka a shigar cikin wa'adi, a ci gaba da jiran rahoto.

Barista Yakubu:
Ƙari biyu a kan haka. Idan likita ya ce akwai yiwuwar wata cuta takamaimai ta biyo baya, misali farfaɗiya bayan raunin kai, dokar Ingila ta yarda a biya diyyar yanzu a bar ƙofa a buɗe, amma sai an rubuta sunan cutar da tsawon lokacin a cikin umarnin kotu. Abin da ba a ambata ba, ba a komawa dominsa. Na biyu, ga mai buƙatar jinya har ƙarshen rai, ana iya tsara kuɗin jinyar a riƙa biya duk shekara yana hawa da tsadar aiki, maimakon dunƙule guda da aka gina a kan hasashen shekarun da zai rayu. Idan kuma yaro ne, sulhun ba ya tabbata sai alƙali ya duba rahoton likita ya amince, kuma ana ajiye kuɗin ƙarƙashin kulawar kotu har ya cika 18.